Kushewu Goma Sha Bakwai da Malami Ya Juya

Malami mai karambani ne, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Idan ka faɗa masa sai ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, tun yana yaro ake gaya masa haka, sannan ya ci gaba da gyara abin da ba ka sa shi ba. Ɗan kawuna ne, taubasai muke, saboda haka ina da ikon rubuta wannan, kuma iyakar abin da zai yi shi ne dariya.

Magini ne. A Gidan Katta aka haife shi, wurin ubansa ya koyi gini. Ya kusa shekara arba'in ya taso Illela da matarsa Mairo, mahaifina ya yanka masa fili a gefen gidanmu. Aikinsa yana da kyau, wannan ba zan hana masa ba. Katangar da ya ɗora ba ta tsagewa. Damuwar ita ce hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ya taɓa zuwa barka gidan wani, ya hangi indararo ya karkace, ya hau soro ya daidaita shi. Ruwan farko da aka yi, kai tsaye ya zuba cikin rumbun maƙwabci. Ni kaina ya taɓa cire mini ƙofar ɗaki ba na nan, wai tana ƙara. Da ya mayar da ita ta daina ƙara, ta kuma daina rufuwa.

Mairo ta fi kowa shan wahalarsa. Tana da dutsen niƙa da ta gada wurin uwarta. Wata rana ya ce ya yi santsi, zai ƙwanƙwasa mata shi da guduma ya riƙa cin tsaba, sai ya ɓalle masa kusurwa guda. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauke gudumar ta binne cikin tukunyar gero, ta bar shi yana nema har damina ta wuce, har kaka. Shi ya ɗauka ɓacewa ta yi wurin aiki. Na ambaci gudumar nan ne da dalili.

Bayan gidanmu, ta gabas, akwai tsohuwar makabartar Kirista. Ina yarinya akwai ɗan cocin ƙasa mai rufin kwano a wurin. Masu zuwa ba su da yawa: teloli, masu gyaran keke, akawun kan iyaka, da wasu da suka shigo ta Ƙonni suna jin Faransanci. Idan nasu ya mutu a nan suke binne shi, su kafa masa allon siminti mai suna da shekara. Daga baya yawancinsu suka koma garuruwansu. Kiristan da suka zo bayansu suka yi nasu cocin da tasu makabartar a wani gefen gari. Tsohon cocin ya rushe. Abin da ya rage doguwar katanga ce, da ƙofar da mabuɗinta ya ɓata, da dogonyaro guda yana leƙowa.

Shekara talatin da biyar ke nan aka yi wani ruwa na kwana uku. Ni lokacin ina Sakkwato ina aikin akawu a wata makaranta, labari aka ba ni. Ruwan ya kwanto daga wajen kasuwa ya ci katangar, ya karya allunan daga wuya, ya watsar da su, ya bar rairayi ya shafe komai. Da gari ya waye babu alamar kushewa ko ɗaya. Kafin mako awaki da jakuna sun mayar da wurin hanya.

Wannan ne karon farko da Malami ya ga cikin wurin. Ba wanda ya kira shi. Ya tsaya ya duba, ya koma gida ya ɗauko daro da cokalin gini. Daga ƙarshen damina har aka gama girbi yana ciki. Ya buga tubali ya tayar da katanga. Ya tattara alluna goma sha bakwai, kowane kusa da inda ya same shi ya tara masa ƙasa ya yi tudun kushewa, ya kafa allon a wajen kai. Wasu a unguwa sun yi guna-guni, wai mene ne haɗin Musulmi da matattun wasu. Liman na lokacin, Malam Zainulabideen, ya ce ɗan Adam da ya mutu bai kamata jaki ya taka shi ba, ko wane addini ya yi. Maganar ta tsaya nan.

Tun daga shekarar, kafin ruwa ya sauka sai Malami ya shiga ya nome ciyawa, ya shafa wa allunan farar ƙasa, ya toshe inda gara ta ci katanga. Ya kafa ɗan benci ƙarƙashin dogonyaron, nan yake hutawa da rana. Ba ya karanta boko, allo ya yi, don haka ya raɗa musu sunayen kansa. Akwai Dogo, akwai Mai Tsaga, akwai 'Yar Ƙarama, akwai Ɗan Faransa, wanda wani direba ya gaya masa rubutun kansa Faransanci ne. Yakan zo ya ba Mairo labari wai Dogo ya ɗan jingina bana, kamar yana maganar maƙwabci.

Na dawo gida bayan na bar aiki kuma maigidana ya rasu. Shekara goma sha biyu katanga ɗaya ce tsakanina da wurin, ban taɓa leƙawa ba. Ban ga abin da mace za ta nema a makabarta ba, tamu ko ta wasu.

Bara waccan sai ga Alhaji Sahabi yana neman filin. Ɗan kasuwar albasa ne, yana son wurin ajiya kusa da inda manyan motoci ke lodi. Ba mugun mutum ba ne, kuma bai yi ƙarya ba. Ya ce shi ba zai taɓa ɗora gini kan mamaci ba, amma waɗannan ba kushewu ba ne. Yana saurayi da idonsa ya ga Malami yana ɗibar ƙasa da daro yana tara su. Idan ma an taɓa binne wani a can, ruwa ya tafi da shi, ko kuma ba daidai nan ba ne. Mutane da yawa sun ga abin da ya gani, suka ce haka ne.

A daidai lokacin wata ƙawata ta yarinta, Filomina, ta rubuta takarda zuwa ofishin da ke kula da kayan tarihi a Sakkwato. Ubanta Onyema mai gyaran keke yana cikin waɗanda ke kwance a wurin. Muna 'yan shekara goma ya rasu, bayan shekara biyu suka bar gari, ban sake ganinta ba. Ta haɗa takardar da hoton ranar da aka binne shi. Ofishin ya turo wata ma'aikaciya mai suna Khairiyya ta zo ta gani. Maganar a fili take: idan ta rubuta cewa tsohuwar makabarta ce ta gaske, za a sa wurin cikin wuraren da hukuma ke karewa. Idan ba ta rubuta ba, Alhaji Sahabi zai zuba harsashi kafin damina.

Malami bai damu ba ko kaɗan. Ya shafa farar ƙasa har sau biyu, ya share wurin kamar tsakar gidan amarya, ranar da za ta zo ya sa rigarsa ta Sallah. Na ce masa ko matattun ne za su ba shi sarauta. Ya ce in ba su ba shi ba ai ni ba zan ba shi ba.

Da hantsi motar ta iso. Khairiyya yarinya ce siririya mai tabarau, da littafi a hannu. Filomina ta fito bayanta, ta yi jiki, tana dogara sanda, amma Sakkwatancinta yana nan kamar jiya ta bar gari. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce na tsufa. Na ce ita ma ba madubi a garinsu ke nan. Ta kama hannuna ta ce sai na raka ta wurin babanta. Na shiga. Ba gawa nake rakiya ba, mai rai nake rakiya. Mairo ta tsaya bakin ƙofa. Alhaji Sahabi ma ya zo da mutum biyu daga cikin masu yi masa lodi.

Gaskiya wurin ya yi kyau. Layi uku, farare fat, ba ciyawa ko ɗaya. Filomina ta bi allunan tana shafa rubutun da yatsa saboda farar ƙasa ta cike haruffan, har ta sami sunan ubanta a kan wanda Malami ke kira Mai Tsaga. Ta tsaya. Ta dubi rana, ta dubi dogonyaron, ta dubi katangar gidanmu.

Ta ce, "Safiyyatu, wa ya juya mini babana?"

Khairiyya ta ɗaga hoton. A cikinsa allunan suna tsaye ta yamma, bayansu na kallon gidanmu, tudun kushewun sun miƙe zuwa gabas. Waɗanda ke gabanmu kuwa daga kudu suka miƙe zuwa arewa. Nan take abin ya dawo mini. Ranar da aka binne Onyema na hau rufin rumfar jakin mahaifina ina leƙe, na ga an saukar da akwatin, kai wajen gidanmu, ƙafa wajen fitowar rana. Na sha duka a kan leƙen nan, shi ya sa ban manta ba.

Alhaji Sahabi hularsa kawai ya gyara. Ba ya bukatar magana, hoton ya yi masa.

Malami ya tambayi abin da ya faru. Khairiyya ta yi masa bayani a hankali, tana ce masa Baba, cewa mutanen nan a al'adarsu kai yamma suke sa mamaci, ƙafa gabas. Ya bi allunan da kallo.

Can ya ce, "Ni na juya su, ɗiyata. Na ɗauka duk duniya haka akan yi, kai kudu, fuska gabas. Na ce ruwa ne ya hargitsa su. Ban tambayi kowa ba."

Na ce, "Yaushe ka taɓa tambaya?"

Ya ce, "Ke dai bari, 'yar boko. Yau ba ranar wasa ba ce."

Khairiyya ta ce ta yarda da shi, ta yarda da mu, amma ba za ta iya rubuta abin da ba ta gani ba. Abin da ke gabanta tudun ƙasa ne da mutum ya tara da hannunsa, kuma bai yi daidai da hoto ba. Tunawar tsofaffi biyu ba ta isa shaida ba. Tono kuwa ba wanda zai yarda a tone mamaci, ita ma ba za ta yarda ba. Filomina ta zauna kan bencin Malami, ta ɗora haɓa kan sandarta.

Malami ya tsuguna gindin allon Onyema da rigar Sallarsa. Ya sa hannu ya yaye ƙasar da ke wuyan allon. Ƙasan ba a miƙe yake ba, karyayye ne, haƙora-haƙora. Ya ce ruwa bai tuge allunan ba, karya su ya yi. Ke nan gindin kowane yana nan cikin ƙasa inda masu shi suka zuba shi, don siminti ba ya tafiya. Ya ce a lokacin ya so ya sassaƙe karayar ta yi daidai kafin ya kafa su, don aikin ya yi tsaf, amma gudumarsa ta ɓace a shekarar, dole ya binne su yadda suke.

Daga bakin ƙofa Mairo ta ce, "Ba ɓacewa ta yi ba. Tana cikin tukunyar gero."

Ya juyo ya dube ta. Shekara talatin da uku bai sani ba. Ta ce ya tuna dutsen innarta. Har Alhaji Sahabi sai da ya yi dariya.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Malami ya miƙe ya kakkaɓe hannu, ya dubi yarinyar da ya yi jika da ita, ya ce, "In taɓa?"

Ta ce ya taɓa, amma da sharaɗi: tsintsiya da hannu kawai, kuma kada a wuce zurfin taƙi ɗaya. Ya aika aka ɗauko masa guntun rodi, siririn ƙarfen gini. Ya fara daga kusurwar yamma, yana soka shi a hankali, ya karkatar da kai yana saurare. Ya ce rairayi ba ya amsawa, siminti yana amsawa. Mu ba mu jin bambancin komai. Ya yi ta tafiya taku-taku rana na dukansa. Alhaji Sahabi ya ce idan aka sami ko ɗaya da ya dace, shi ne na farkon janyewa, ya kuma ce wa mutanensa su kama aikin ɗaukar alluna.

Wajen azahar rodin ya amsa. Aka share, sai ga gindin siminti mai karaya a sama. Aka ciro allo na kusa aka gwada, bai hau ba. Na biyu bai hau ba. Na uku, 'Yar Ƙarama, suna sauke shi ya zauna, kowane haƙori ya shiga gurbinsa, ko tsinke ba zai ratsa ba. Rubutun na kallon gabas, bayan allon na kallon gidanmu, kamar a hoton. Khairiyya ta ɗauki hoto ta kowane gefe, ta buɗe littafinta ta fara rubutu. Alhaji Sahabi ya daɗe yana kallo, sannan ya ce Allah ya tsare shi, saura kaɗan ya jibge albasa kan 'yar mutane. Ya tafi salla, ya bar mutanensa suna aiki.

Kwana biyu aka yi. Goma sha biyar suka koma kan gindinsu. Biyu ba a samu nasu ba, har yau suna jingine jikin katanga. An gano Dogo, wanda Malami ya fi ji da shi, shekara talatin da uku yana tsaye kan wurin da ba kowa a ƙasa. Na Onyema ne ya fi ba da wahala. An soka ko'ina ba a samu ba, sai da yammacin rana ta biyu Filomina ta tashi daga benci don a gwada nan. Rodin ya amsa daidai ƙarƙashin ƙafar bencin.

Malami ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya fara ba ta haƙuri, wai duk shekarun nan a kan mahaifinta yake zama yana cin goro. Filomina ta yi dariya har sandarta ta faɗi. Ta ce, "Babana ba ya son zama shi kaɗai. Shagonshi kullum cike yake da masu hira. Kai ka ɗebe mishi kewa." Bayan haka ta nemi mu ba ta wuri, muka fita muka bar ta ta yi addu'arta.

Wurin ya shiga takardar hukuma. An kafa allon sanarwa a bakin ƙofa, an yi sabon mabuɗi. Alhaji Sahabi ya sami fili a hanyar Araba ya yi wurin ajiyarsa, kuma shi ya aiko da ƙyauren ƙarfe. An ba Malami takarda cewa shi ne mai kula da wurin, abin da yake yi tun da can ba takarda. Amma Khairiyya ta kafa masa dokoki. Ba farar ƙasa, don tana cin rubutu. Ba sabon siminti. Ba ya gusar da ko tsakuwa sai ya kira ta a waya. Da aka wanke allunan da ruwa da ɗan itace mai laushi, sunaye suka fito, aka karanta masa su ɗaya bayan ɗaya. Ɗan Faransa ashe mace ce. Ya ce to Allah ya ba ta haƙuri, ya koma kiranta Madam.

Dokokin nan sun fi ciwon gwiwa damunsa. Nakan gan shi ya tsaya gaban allon da ya ɗan karkace, hannuwansa biyu a baya, ɗaya riƙe da ɗaya. A watan farko ya kira Khairiyya a kan tsiron ƙaya, ya kira ta a kan gidan tururuwa, har ta ce masa ciyawa da ƙwari ba sai ya tambaya ba. A gida kuwa bai canza ba. Makon jiya ya gyara wa Mairo murhu, yanzu tukunya ba ta zama.

Bana ƙafa ta fara ƙi masa. Ba ya iya tsugunawa ya yi noma, kuma ya san haka. Ranar sunan jikarsa, bayan an yi addu'a, ya tsayar da mazan unguwa a ƙofar gida ya yi musu magana, sannan ya shigo ya maimaita mana, ya ce ni da na iya rubutu in rubuta don kada a ce ba a ji ba. Ga abin da ya ce:

"Mutanen nan baƙi ne, ba su da kowa nan sai mu. Kowane gida ya ɗauki kushewa guda ya riƙa nome ta kafin ruwa. Biyun da ba a gane wurinsu ba, a ci gaba da nema, rodina na nan bayan ƙofa. Wanda ya ga wani abu ya karkace, ya tambaya kafin ya taɓa. Ni kuma in tawa ta zo, ku sa ni irin namu, kai kudu, fuska gabas, ba allo ba suna. In kuka ga wani mai hali irin nawa ya doso da daro, ku riƙe shi."